BONSAI: ITACEN KASKO NA ƘASAR JAPAN, DA INDA KUƊINSA YAKE

Yau mun ɗan ture farashin hatsi da na fata gefe guda, za mu leƙa wata kasuwa mai nisa, domin akwai wata haja a can wadda duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa zai so ya ji yadda ake yi mata kuɗi.

A shekarar 2011, a birnin Takamatsu na ƙasar Japan, an yi babban taron masu wannan sana'a, aka fito da wani ɗan itace a cikin kasko aka sa masa yen miliyan 100, watau wajen dala miliyan ɗaya da dubu 300 a canjin lokacin. Itacen nan ba ya yin 'ya'yan da za a ci, ba shi da inuwar da mutum zai zauna, ba kuwa za a sami katako a jikinsa ba. Alhali kuwa in ka shiga manyan kantunan Turai da Amurka za ka tarar da wani mai irin wannan suna, shi ma a kasko, kuɗinsa bai wuce na takalmi ba. To, me ya raba su? Abin da za mu bi ke nan, tun daga lambun da ake renon dashe har zuwa wurin ciniki.

Sunan abin bonsai. Da harshensu "bon" shi ne tire ko kasko, "sai" kuwa shuka. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, domin a kabarin wani ɗan sarki na daular Tang wanda aka binne a shekarar 706 akwai zane a bango na barori ɗauke da 'yan tsirrai a tire. Daga can ya haura Japan, su kuma suka riƙe shi hannu biyu har ya koma kamar nasu. Mutane da yawa suna zaton wani iri ne na musamman, wada a cikin itatuwa. Ko kusa. Itace ne kamar kowane, in ka fid da shi daga kasko ka dasa a gona ka ƙyale shi, zai tashi ya kamo 'yan'uwansa. Duk wanda ya ga aduwar da awaki ke gwaguya kullum a bakin hanya, shekara da shekaru ba ta wuce gwiwa ba amma gindinta ya yi kauri, ya riga ya ga rabin sirrin. Sauran rabin shi ne a nan mutum ne ke zaɓen abin da za a gwaguya.

To, bari mu bi mai wannan aiki zuwa lambun renon dashe, inda ake sayar da 'yan itatuwan shinge da na ƙawata ƙofar gida a cikin tukwanen roba. A nan ne ribar farko take, tun ba a taɓa almakashi ba. Mai lambu yana yi wa kayansa kuɗi ne bisa girman tukunya da tsawon itace da yawan ganye, don abin da masu gidaje ke nema ke nan. Shi kuwa mutuminmu ko kallon ganye ba ya yi. Sai ka gan shi a tsugune, ya tura hannu cikin rassa yana laluben gindi, yana tone ƙasar saman tukunya da yatsa don ya ga yadda saiwoyi suka fita. Abin da yake nema shi ne saiwoyin da suka bazu kowane gefe kamar yatsun ƙafar kaza, da gindi mai kauri a ƙasa wanda ke raguwa sannu a hankali zuwa sama, da rassa tun daga ƙasa-ƙasa. In jikin itacen ya ɗan karkace, madalla, ya ƙara kyau. Sau da yawa wanda kowa ya tsallake, ya tanƙware, ya daɗe a lungu har mai lambu ya gaji da ba shi ruwa zai sallama da araha, shi ne wanda ya fi dacewa. Abin da ba ya so shi ne itace mai siririn gindi da kumburi a tsakiya, domin wannan aibi ne mai wuyar gyara. Dillalin shanu ya san irin wannan saye: kowa na kallon ƙiba, shi yana kallon ƙashi.

Itacen da masu koyo suka fi farawa da shi, a Japan da Turai da Amurka, shi ne wani mai suna junifa, ganyensa ƙanana ne ƙwarai, kore shar rani da damina. Irinsa wanda mutanen Japan suka fi daraja suna ce masa shimpaku. Da shi za mu yi misali.

In an kawo shi gida ba a far masa da yanka. Ana fara yi masa shara tukuna: a cire busassun rassa, da ƙananan tsirrai da suka cushe a hammatar manyan rassa, da waɗanda suka rataya ƙasa, har jikin itacen ya fito a gan shi. Sa'an nan a ɗora tukunyar a kan tebur daidai ido, a yi ta juya ta, a sa ɗan katako a ƙarƙashi a karkata ta nan, a karkata ta can. Ana neman fuskarsa ne. Kowane bonsai yana da gaba da baya, kuma gaban shi ne gefen da saiwoyi suka fi faɗi, lanƙwasar jiki ta fi fitowa, kan itacen kuma ya ɗan rusuna wajen mai kallo kamar mai gaisuwa. Wani yakan yi kwanaki yana wannan kallo, kuma a ganinmu bai yi asarar lokaci ba, tun da reshen da aka yanke ba ya komawa.

Daga nan sai zaɓen rassa. Ƙa'idar da ake koya wa almajiran sana'ar ita ce reshen farko, wanda ya fi kowane kauri, ya fito a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon itacen. Na biyu ya fito ta ɗaya gefen, sama kaɗan. Na uku ya nufi baya don itacen ya yi zurfi ga ido, kada ya zama shafal kamar zane a bango. Haka za a yi ta hawa, rassa na ƙanƙancewa, tazara na raguwa, har a kai kai. Rassa biyu da suka fito daura da juna, ɗaya zai tafi, don in an bar su wurin zai kumbura. Wanda ya gitta gaban jiki, da wanda ya miƙo tsaye zai tsone wa mai kallo ido, da wanda ya tashi sak sama, duk za su tafi. Kafin a yanke babban reshe akan rufe shi da ƙyalle ko da tafin hannu a ja da baya a duba yadda itacen zai kasance ba shi. Suna da wani almakashi mai baki kamar cokali wanda ke cizo ya bar ɗan rami, don in ɓawo ya zo rufe ciwon ya rufe daidai ba ƙullutu, kana a shafe wurin da wani danƙo.

Amma fa a nan ne masu gaggawa ke kashe jarinsu. Shi junifa ƙarfinsa a ganye yake. Reshen da aka aske tas bai da ko ɗan kore a bakinsa, ya mutu ke nan, ba zai sake toho ba. In kuwa aka kwashe ganye da yawa a zama ɗaya, itacen duka yana iya tafiya. Shi ya sa masu hankali sukan tsaya a kan wajen sulusi, su bar sauran sai baɗi. Itatuwa masu zub da ganye da sanyi, kamar momiji mai jan ganye, sun fi haƙuri, har akan sare su a bar kututture su sake fitowa. Saboda haka dole mutum ya san halin abin da ke gabansa kafin ya ɗauki ƙarfe.

Akwai wata dabara ga junifa da danginsa. Maimakon a datse reshe har gindinsa, sai a bar ɗan guntu, a ɓare masa ɓawo, a yayyage bakinsa da filaya ya zama kamar iska ce ta karya shi. In ya bushe a shafa masa wani ruwa da ake dafawa da farar wuta da farar ƙasa, ya yi fari fat kamar ƙashi, ruɓa kuma ba ta saurin kama shi. Wannan suke kira jin. In a jikin itacen aka ɓare tsiri guda daga sama zuwa ƙasa, sunansa shari. Nufin duka shi ne itacen ya yi kama da wanda ya sha wuya a kan dutse shekaru aru-aru. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa wajen maganar algus.

Bayan yanka sai ɗauri da waya. Ƙaramin itace rassansa sama suke nufa, tsoho kuwa nauyin shekaru ya sa nasa sun kwanta, har sun ɗan sunkuya. Don haka sai a naɗe reshe da waya a lanƙwasa shi ƙasa. Wayar jan ƙarfe da aka gasa a wuta ta yi laushi ita ake sa wa masu ganyen allura, ta alminiyam kuwa ga masu taushin ɓawo. Kaurin waya wajen sulusin kaurin reshe, a naɗa ta a karkace, kada ta matse kada ta yi sako-sako, kuma waya ɗaya takan kama rassa biyu don kowane ya zama turken ɗan'uwansa. Ana lanƙwasawa da yatsu a hankali, kunne na saurare. In aka ji ɗan ƙas, a tsaya nan. Wayar za ta zauna wata da watanni har reshe ya saba, amma dole a riƙa dubawa, don in reshe ya yi kauri ta nutse cikin ɓawo ta bar tabo mai murɗe kamar na igiya a wuyan akuya, kuma tabon nan yakan yi shekaru bai ɓace ba. Ranar cirewa ba a warware ta, gutsuttsura ta ake yi da abin yanka, don kada a karya abin da aka sha wuya a kansa.

Duk wannan aikin yini ɗaya ne ga gwani. Da safe ɗan shinge ne mai cunkoson ganye, da la'asar ya fara kama da itacen kan tsauni. Wanda bai sani ba sai ya ce an gama. Saura da yawa.

Saiwoyi ba a taɓa su a wannan shekara. Maganar masu sana'ar ita ce kada a haɗa wa itace wuya biyu a lokaci guda. Sai ƙarshen sanyi na gaba, gab da toho, a zare shi daga tukunyar roba, a tsefe saiwoyi da tsinke, a datse uwar saiwa mai nutsawa ƙasa da sauran masu kauri, a bar ƙananan masu kama da gashi, don su ne ke shan ruwa. Ƙasar da ake zuba masa ba irin ta gona ba ce. Akwai wata jar ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da ake haƙa a yankin Kanto, sunanta akadama, ana haɗa ta da tsakuwar dutse mai aman wuta don ruwa ya wuce iska ta shiga. Ita kanta wannan ƙasa haja ce, ana ɗura ta a buhu ana kai ta Turai da Amurka. Kaskon yana da manyan huji a ƙasa, ana ɗaure itacen a ciki da waya kada ya motsa. Kasake masu suna daga garin Tokoname na Japan suke fitowa, da Yishin na ƙasar Sin, kuma tsohon kasko na Sin shi kaɗai wani lokaci yakan fi itacen da ke cikinsa kuɗi. Daga ranar nan ban ruwa ya zama wajibi kullum, da zafi har sau biyu ko uku. Mai bonsai da yawa ba ya tafiya fatauci sai ya bar wani a gida.

Yanzu ga inda kuɗin yake, malam dillali. Da zarar itace ya shiga kasko mara zurfi, gindinsa ya kusa daina ƙaruwa. Wanda ya sa siririn itace a kasko, bayan shekara goma siririn zai tarar. Abin da ake so kuwa shi ne kaurin gindi ya kai wajen kashi ɗaya cikin shida na tsawo, watau itace mai inci 18 ya sami gindi mai inci 3. Hanyar samun haka ita ce a dasa shi a gona tukuna ya yi shekaru yana girma yadda ya ga dama, a bar masa wani reshe ya yi ta tsawo yana jawo abinci yana kumbura gindi, ranar da aka sami kaurin da ake so a sare reshen a yar. Kamar turkar rago ne, sai dai ita wannan turka ba ta wata uku ba ce. A unguwannin Kinashi da Kokubunji na Takamatsu gonaki ne sukutum na wannan aiki, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na bonsai irin matsu, watau mai dogon ganye kamar allura, na ƙasar Japan daga nan suke fitowa. Sau da yawa abin da uba ya shuka ɗa ne ke sayarwa.

Haka kuma ƙananan rassa. Reshe ɗaya a datse ya fid da biyu, biyun a datse su fid da huɗu, kowace shekara taki ɗaya. Ɓawo mai tsattsagewa kamar bayan kada shi ma sai shekaru. Don haka mai saye da ya san abin da yake yi yana duba bonsai kamar yadda ake buɗe bakin doki a duba haƙora: faɗin saiwoyi, kaurin gindi da yadda ya ragu, tsufan ɓawo, ko manyan ciwuka sun rufe, ko akwai tabon waya, da yawan rarrabuwar rassa. Sa'an nan asali, wa ya rene shi, hannun wa da wa ya bi, ko ya taɓa shiga babban nunin Kokufu da ake yi a Tokiyo tun 1934. Wanda ya shiga nunin nan darajarsa ta ɗaga ke nan. A birnin Washinton na Amurka akwai wani matsu da ake reno tun shekarar 1625. Yana gidan masu shi a Hiroshima sa'ad da aka jefa bam a 1945, ya tsira, kuma a 1976 mai shi, Masaru Yamaki, ya ba da shi kyauta ga Amurka. Irin wannan ya wuce a yi masa tayi.

Cibiyar manyan gwanaye kuwa ita ce Omiya, arewa da Tokiyo. Bayan girgizar ƙasar 1923 ta rushe birnin, masu lambuna suka fita neman wuri mai ruwa da iska mai kyau, suka kafa unguwarsu a 1925. Har dokoki suka yi wa kansu a lokacin: mai zama a nan ya mallaki bonsai aƙalla goma, kada ya gina bene, ya yi shinge da itace mai rai, ya kuma bar ƙofarsa a buɗe ga masu kallo. Yaron da ke son koyon aikin a hannun gwani yakan yi wajen shekara biyar ko shida a gidan maigidansa, farkonsu kuwa shara ne da ban ruwa.

Inda kuɗi yake, algus ba ya nisa. Na kantunan da muka ambata da fari yawancinsu yankan reshe ne na shekara biyu ko uku, an murɗa shi sau ɗaya an sa a kasko mai ƙyalli. A Amurka har akan manne tsakuwa da gam a saman ƙasar don kada ta zube a mota, ruwa kuma ya kasa shiga sosai. Daga lardin Fujiyan na ƙasar Sin ake fitar da wani dangin ɓaure mai kumburarrun saiwoyi, jirgi-jirgi zuwa Holan, daga can a rarraba Turai. Ba laifi ba ne in an sayar da shi a kan abin da yake. Laifin shi ne a ce wa mai saye ya shekara hamsin. Wani abin da ya kamata mai sari ya sani game da junifa: yakan mutu amma ganyensa ya zauna kore har makonni. Mutum sai ya sayi gawa bai sani ba, in ta bushe a gidansa ya zargi kansa. Gwajin mai sauƙi ne, a ɗan kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in ƙarƙashinsa kore ne mai damshi yana da rai. Kuma shi itacen waje ne, in aka ajiye shi a ɗaki kamar kayan ado ba ya daɗewa.

Babban algus kuwa shi ne wanda ya shafi farin itacen nan da muka ce ku riƙe. Tsofaffin shimpaku na gaske daga duwatsu aka haƙo su, a tsibirin Shikoku da wajen Itoigawa, inda ƙanƙara da iska suka murɗe su suka kashe rabin jikinsu. An yi ta haƙa har suka kusa ƙarewa a daji, saboda haka na hannun mutane suka yi tsada. To, sai masu wayo su sami busasshen kututture mai kyan murɗa, su fafe masa hanya a jiki, su kwantar da ɗan siririn junifa mai rai a ciki su ɗaure. Bayan 'yan shekaru ya cika hanyar, sai ka rantse itace ɗaya ne mai shekara ɗari uku. Mutanen Japan suna ce wa wannan tanuki, sunan wata dabba da ta shahara da yaudara a tatsuniyoyinsu, kamar yadda gizo yake a namu. Mai ido yakan gane ta wurin bin layin da rayayye ya haɗu da matacce, da duba ko mataccen yana da saiwa tasa ko kuwa dasa shi aka yi.

Kada a ce abin na itatuwan ƙasar sanyi ne kaɗai. Tsamiya ana yin bonsai da ita a Indonesiya da Biyetnam, a Senegal ana sayar wa baƙi 'yan kukoki a kasko, dangin ɓaure da cediya kuwa suna cikin waɗanda suka fi jure yanka a duniya duka.

Mai tunanin fataucin wannan haja tsakanin ƙasashe ya san cewa itace mai rai da ƙasa a gindinsa ba ya ƙetare iyaka kamar atamfa, saboda tsoron ƙwari da cuta. Baƙin matsu na Japan an daɗe ba a yarda ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai ba, sai a watan Oktoba na 2020 aka buɗe masa hanya, shi ma da sharaɗi: ya yi aƙalla shekara biyu a lambun da hukuma ta yi wa rajista, a kan kanta sama da ƙasa, ma'aikata suna zuwa dubawa sau shida a shekara, in ya isa can kuma a sake killace shi kafin a sayar. Duk wannan jira a cikin kuɗin yake shiga.

Ɓarayi ma sun san farashi. A watan Janairu na 2019 aka shiga wani lambu a Kawaguchi, kusa da Tokiyo, aka zaɓi itatuwa bakwai aka tafi da su, kuɗinsu aƙalla yen miliyan 13. A cikinsu akwai wani shimpaku mai shekara wajen 400, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, wanda gidan ya gada kaka da kakanni. Lambun a buɗe yake ga masu kallo, kamar yadda aka saba a can. Da uwargidan ta fito ta yi magana, abin da ta roƙi waɗanda suka ɗauka shi ne su riƙa ba shi ruwa, domin ba zai kai mako guda ba in babu.